Ba Aljani Ne Ya Saki Igiya Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ja mini kwana har na ga furfura a kan 'ya'yana. Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da kuke faɗa a bayan idona duk damina, in kun gan ni ina bin jujin Matameye da 'yar fartanya ina tumɓuke zaƙami. Cewa kuke tsufa ya fara taɓa tsoho. Na kuma san labarin da ake ba ku game da rijiyar gabas da kuke shan ruwanta, wai aljani ne ya fizge igiya daga hannuna ya karya wa wana Habu ƙugu. Gaskiyar maganar na faɗe ta a bainar jama'a tun a wancan lokaci, amma da shekaru suka ja sai ta tsufa, labarin aljani kuwa ya fi daɗin hira, ya kuma fi rufa mini asiri. Ni ban roƙi kowa ya rufa mini ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni tafiya, har uwarku Rakiya, kuma ba na so in kwanta dama in bar muku ƙarya gado. Shi ya sa na zaunar da mai alƙalami na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini kwaskwarima.

Gidanmu gidan haƙar rijiya ne tun kaka da kakanni. Babanmu ya rasu da daɗewa kafin Nasara su shigo ƙasar Damagaram, ya bar mu mu biyu, ni Ilu da Yaya Habu da ya girme ni da shekara shida. A sana'armu akwai mai sauka, akwai mai igiya. Ƙasar nan tamu rairayi ce, ba ta riƙe matakala, don haka ran mai sauka kacokan yana hannun wanda ke sama. Igiyar ɓawon kuka ce ake ɗaura wa mutum a ƙugu, ta bi ta kan gungumen da aka gicciya a bakin rami, ta zagaya gwafar da aka kafa, ta ƙare a hannun mai riƙo. Baba ya bar mana doka: mai igiya ba ya amsa gaisuwa, ko mai gari ne ya tsaya a kansa, sai ɗan'uwansa ya fito. Kuma kafin a sauka, su biyun za su sha fura a ƙwarya ɗaya, mai igiya ya sha rabi ya miƙa wa mai sauka rabi. Muna yara mun ɗauka neman albarka ne kawai. Sai da muka girma Baba ya ce mana dalilin shi ne abin da ke cikin na sama ya zama shi ke cikin na ƙasa, kada wani ya riƙe ran ɗan'uwansa da wani abu a cikinsa da ɗan'uwan bai sani ba.

Ni kuwa tun ina saurayi ina da wata lalura da ba mu san sunanta ba. Uwarku ce ta raɗa mata suna daga baya, ta ce mijinta kamar rijiya yake, yana da Cika yana da Ƙafewa. In Cika ta zo, barci ya ƙaurace mini kuma ba na neman sa. Aikin mutum uku nake yi, magana kuwa ta inda na shiga ba ta nan nake fita ba. Na taɓa tashi da ƙafa na je Dungu na dawo kafin la'asar, don kawai in gaya wa wani mutum cewa ya haƙa rijiyarsa ba a kan ruwa ba, alhali bai tambaye ni ba. Na taɓa kafa harsashin rumbun da na ce zai ɗauki geron Matameye duka, na cire rigata ta Sallah na ba wani baƙo don ya yaba ɗinkinta. A farkonta mutane na jin daɗina, ana cewa Ilu akwai zafin nama, akwai kyauta. A ƙarshenta kowa gudu na yake, don faɗa nake nema da duk wanda ya ce in zauna in huta. Daga nan sai wata safiya in farka in ji an janye komai. Wannan ita ce Ƙafewa. In kwanta in juya fuska ga bango, korar ƙuda ma aiki ne, salla a zaune, tuwo ba ɗanɗano. Sai in yi wata guda ko biyu a haka. Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai uwarku: a irin waɗannan kwanaki, in na wuce ta bakin rijiya nakan daɗe ina leƙa ta, kuma ba ruwa nake dubawa ba.

Mai haƙar rijiya da rani yake ci, kuma Ƙafewa ba ta tambayar wata kafin ta zo. Wata shekara ta kama ni a tsakiyar aiki a Dawce, Yaya Habu na ta fama shi kaɗai da 'yan kwasar ƙasa, kunya kamar ta kashe ni. Wani maharbi da muka sauka a gidansa ya dube ni ya ce yana da maganin mutuwar jiki. Ya kai ni bayan gida, kan juji, ya nuna mini zaƙami da farin furensa da 'ya'yansa masu ƙaya. Ya ce in soya ƙwaya uku in niƙa in zuba a kunu. Na sha. Nauyin bai tafi ba, amma ya matsa can nesa, har na iya tashi na ɗauki dagi. Na yi wa mutumin godiya har da hawaye, ban san abin da ya ba ni ba. Uku ta koma biyar, biyar ta koma bakwai. Da Cika ta dawo ma ban daina ba, na ce yana rage mini hayaniyar da ke kaina. Kafin shekara ta kewayo, ba na iya fuskantar safiya sai na sha. Maƙogwaro kullum a bushe, baƙin idona ya buɗe har rana na yi mini ciwo, wani lokaci in tsinci kaina ina hira da wanda babu shi. Na samu wata tsohuwar battar taba na riƙa zuba garin a ciki ina ɓoyewa a ƙarƙashin rumbu. Abin da ya fi muni, ba a kasuwa ake neman sa ba, kowane juji a garin nan yana da shi. Shekara uku na yi ina shan nawa a ɓoye, sannan in je in sha rabin ƙwarya in miƙa wa wana.

A shekarar da nake ba ku labari, tsohuwar rijiyar unguwarmu ta gabas ta rufta da damina. Da kaka ta wuce tafkuna suka ƙafe, matan unguwa suka koma ɗebo ruwa a fadama. Mace ta fita da sassafe, sai rana ta take take dawowa da tulu ɗaya. Rakiya na cikinsu, da cikin wata shida. Mai gari ya kira mu ya ce mu haƙa sabuwa. Yaya Habu ya zaɓi wuri kusa da wani babban gawo, muka shiga aiki, muna haƙa muna jera itatuwa don kada bango ya zubo. Da rami ya kai gaba goma sha ɗaya ƙasa ta fara sanyi a hannu, kowa ya san ruwa ya kusa. Ni kuwa Cika ta kai mini iya wuya, kwana biyar ban runtsa ba. Ran nan da safe na sha fiye da yadda na taɓa sha, ban ma ƙirga ba.

Na iske bakin rami cike da jama'a, mata sun tsaya nesa da tulunansu don an ce yau za a ga ruwa. Ranar Yaya Habu ne da sauka. Na sha rabin fura na miƙa masa. Ya karɓa, amma bai sha nan da nan ba, ya tsaya yana kallon fuskata.

"Ilu, lafiyarka kuwa?"

"Garau, Yaya. Yau sai matan nan sun koma gida da ruwa."

Ya waiga ya dubi jama'a, ya sake duba na, sannan ya kafa kai ya shanye. Ya ɗaura igiya ya yi bismilla ya zura ƙafa.

Ina sakar masa igiya kaɗan-kaɗan, ya kai wajen gaba bakwai, sai na ɗaga kai na ga Baba tsaye a gindin gawo. Shekararsa tara a kabari. Ga shi da shuɗiyar rigarsa mai faci a kafaɗa, da daginsa, yana yi mini irin kallon da yake yi in na yi laifi. Na ji muryarsa tar, kamar yadda kuke jin tawa.

"Ilu, ba gaisuwa?"

Wanda ya kafa dokar kada a amsa gaisuwa, shi na gaisar. Na saki igiya da hannu biyu, na durƙusa har ƙasa na ce, "Baba, sannu da hanya." Na ji igiya na gudu a kan gungume, na ji ta warware daga gwafa, sannan na ji ƙarar faɗuwa daga ƙasa. Yaya Habu bai yi ihu ba. Da na sake ɗaga kai, ba kowa a gindin gawo.

'Yan kwasar ƙasa ne suka yi ta maza suka fito da shi, ƙugu a karye, aka kira maɗori. Amma tun kafin a fito da shi wata tsohuwa ta riga ta ƙwala ihu cewa Ilu ya ga mai wurin, ya durƙusa ya gaishe shi. Mutum fiye da talatin sun gan ni ina gaida iska, me kuke so su ce? Washegari wani boka da ke zaune bakin kasuwa ya zo ya zagaya gawon, ya ce gidan aljani ne muka huda, a cike ramin kafin ruwan farko, kuma kada a sake sa dagi a gabashin gari har abada. Mai gari ya amince. Ni kuwa aka shiga tausaya mini. Wannan ya kawo rubutun sha, wancan ya kawo turare, mata na aiko da kunu wai Allah ya tsare Ilu da kyakkyawar tsarewa. Cika ta sake ni, Ƙafewa ta karɓe ni, na kwanta na juya wa duniya baya. Kuma in gaya muku gaskiya, daɗin ƙaryar nan na ji. Ban ƙirƙire ta ba, amma na lulluɓa da ita, kuma kowace safiya ina rarrafawa ƙarƙashin rumbu.

Sati uku ana haka. Ran nan da azahar Rakiya ta dawo daga fadama, na ji ta sauke tulu da nishi. Ta shigo ɗaki ƙafafunta a kumbure, ta zauna daƙyar, ta ajiye battar nan a gaban hancina.

"Malam, ga aljanin naka. A ƙarƙashin rumbu yake kwana."

Ta ce ta daɗe da sani, tun tana ganin sawuna a wurin kowace safiya.

"Ni ba zan faɗa wa kowa ba," in ji ta. "Ba ni zan tona maka asiri ba, ni da ɗanka ke cikina. Amma yau tsohuwar maƙwabciyarmu ta faɗi a hanya, tulunta ya fashe, ta zauna cikin rana tana kuka kamar yarinya. Jibi za a fara cike ramin. In ka iya ci gaba da kwanciya a kan wannan, to, ka kwanta."

Ta tashi ta fita, ta bar mini battar. Na daɗe ina kallon ta. Na san abin da faɗar gaskiya za ta ci mini. Wanda aljani ya taɓa abin tausayi ne, ana kawo masa kunu. Wanda ya sha zaƙami ya saki ɗan'uwansa a rami kuwa, ba mai sake ba shi igiyar akuya ma ya riƙe. Amma na ga in na yi shiru, duk macen da ta faɗi a hanyar fadama daga yau ni na kayar da ita. Na dafa bango na miƙe, na nufi gidan Yaya Habu, wanda tun ranar ban iya zuwa na dube shi ba.

Na same shi kwance a zaure, an ɗaure shi da karan ɗori tun daga ƙugu har gwiwa, ya rame. Na durƙusa na ajiye battar na faɗa masa komai, tun daga maharbin Dawce har Baba a gindin gawo. Ina jira ya tsine mini.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani, Yaya?"

"Ban san sunan abin ba. Amma da ka miƙo mini ƙwarya na ga idonka, baƙi wuluk kamar na mage, na san ba kai kaɗai ne a jikinka ba. Zuciyata ta ce kada in sauka. Sai na dubi jama'a, ga surukanka, ga matarka, na ce in na karɓe igiya daga hannunka a gabansu na kashe ka da ranka. Kunya ce ta tura ni ramin nan, Ilu, kai ka ƙarasa. Laifin namu ne mu biyu, amma naka ya fi girma, kada ka ji daɗi."

Na yi kuka a wurin kamar ba namiji ba. Da na nitsa ya tambaye ni me nake nufin yi, na ce zan je gaban mai gari. Ya ce in je, kuma ya faɗa mini abin da zan ce in an tambaye ni wata tambaya, don ya san za a yi ta.

Washegari da hantsi na tsaya a ƙofar mai gari, dattawa na zaune, bokan ma yana nan don shirin cike rami. Na zazzage garin zaƙami a kan tabarma na ce ga abin da ya karya wana, ba aljani a gindin gawo, ni ne na sha na ga abin da babu. Bokan ya yi murmushi ya ce ai wannan ma aikin mai wurin ne, shi ke magana da bakin yaron don a ci gaba da huda masa gida. Wasu suka gyaɗa kai. Raina ya ɓaci, amma na san in na ɗaga murya an gama da ni, mahaukaci ya tabbata. Na sassauta na ce a bar ni in sauka da kaina, in akwai mai wurin ga ni ga shi.

Mai gari dattijo ne mai sanyin magana, ya ce, "Ilu, a ce mun yarda. Wa zai riƙe maka igiya?"

Ya bi fuskokin mutane da kallo, kowa ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba.

"Ranka ya daɗe, Yaya Habu ya ce shi zai riƙe."

Aka fashe da dariya, wani ya ce gurgu zai riƙe mahaukaci. Na bari suka gama, na ce Yaya ya roƙi kwana arba'in, kafin nan ɗorinsa ya kama, cikina kuma ya wanke. Mai gari ya shafa gemunsa. Matansa ma fadamar suke zuwa. Ya ce a rufe bakin rami da ƙaya, ya ba mu kwana arba'in, ko ɗaya ba zai ƙara ba.

Daga nan gidan maƙeri na wuce, na ce ya sa mini marin ƙarfe a ƙafa. Ya ɗauka wasa nake, na ce na san kaina, ƙafafun nan in aka bar su juji za su kai ni. Aka kafa turke a zauren Yaya Habu aka ɗaure ni. Haka muka zauna, shi ƙafa a kara, ni ƙafa a ƙarfe, masu wucewa na leƙowa suna ƙus-ƙus. Ya kafa mini sharaɗi, ba abin da zai shiga cikina sai daga ƙwaryar Baba da muke shan fura a bakin rami, ko ruwa ne, ya sha rabi in sha rabi. Kwanakin farko ba na so in tuna su. Zufa, amai, jiki na ɓari, fata kamar ana yi mini tafiyar kiyashi. Na roƙi duk wanda ya shigo ya tsinko mini ko ɗa ɗaya. Na yi rantsuwa da ƙarya, na ce cikina ke ciwo, na ce mutuwa zan yi. A kwana na tara na dubi mutumin da na karya na ce masa da ma mutuwa ya yi a ramin kowa ya huta. Ya sha rabin kunu ya turo mini ƙwarya da sandarsa.

"Sha, ya huce. Zagin ma sai da ƙarfi."

A cikin kwanakin nan wan Rakiya ya zo daga ƙauyensu zai tafi da ita, ya ce ba za su bar 'yar'uwarsu ta haihu a gidan mashayi ba. A gidan Yaya ya same ta, daga zaure ina jin su. Ta ce masa, "Yaya, da yana ƙarya ana kawo mishi kunu ba ka zo ɗaukata ba, sai yau da ya faɗi gaskiya? Ka gaida su Inna." A kwana na talatin da ɗaya ta haifi babbar yayarku Hajara. Da mari a ƙafata aka raɗa mata suna, kuma waɗanda suka zo ba su cika tabarma biyu ba.

Ranar arba'in bazara ta yi tsanani, gabas ta fara haɗa gajimare. Aka cire mini mari, aka ɗauko Yaya Habu a kan gadon kara aka ajiye shi bakin rami. Garin duka ya fito, amma an tsaya nesa. Ya zauna a ƙasa ya tokare gwafa da lafiyayyar ƙafarsa, sannan ya yi abin da ban taɓa ganin mai igiya ya yi ba: ya ɗaura ƙarshen igiyar a nasa ƙugun, karyayyen. Na ce masa wannan ba ya cikin dokar Baba. Ya ce yau ya shiga, in ya sake ni mu tafi tare. Da ganin haka biyu daga cikin 'yan kwasar ƙasa suka ji kunya, suka matso suka kama igiya a bayansa. Ya sha rabi, na sha rabi, ya dubi idona sosai, ya ce in sauka.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Ba tsoron aljani ba, tsoron kaina. Da na kai wajen gaba bakwai na rufe ido don kada in ga Baba a jikin bango. Ban ga kowa ba. A ƙasa na tarar da hular Yaya Habu rabi a cikin rairayi, na kakkaɓe ta na cusa a ƙugu, na ɗauki dagi. An ba ni labari daga baya cewa ina ƙasa mai gari ya matso ya ce, "Habu, sannu da ƙoƙari," Yaya ko kallonsa bai yi ba, har dattijon ya yi dariya ya koma da baya. Kwana uku muna haka, in sauka da safe in fito da azahar. A rana ta uku dagi ya shige da sauƙi, na zare shi, sai na ga ramin da ya bari yana cika. Na tsaya ina kallo har ruwa ya rufe mini idon sawu. Na girgiza igiya aka zuro ƙwarya a cikin guga, na cika ta na aika sama.

Guga bai dawo da wuri ba. Ashe an miƙa ruwan ga jama'a, kowa na ja da baya, ba mai son ya fara shan ruwan aljani. Yaya Habu kuwa hannunsa na kan igiya, doka ta hana shi magana. Rakiya ce ta fito daga cikin mata da jaririya a baya, ta karɓi ƙwaryar ta kafa masa a baki. Ni ban san wannan ba a lokacin. Abin da na gani kawai shi ne guga na dawowa a hankali, da ya iso na leƙa, ga ƙwaryar Baba da ruwa rabi. Ruwa ne mai laka, da rairayi a ciki. Na shanye shi tas, ina tsaye cikin rijiya ina kuka.

Kada ku ɗauka daga ranar na warke. Lalurar nan ba ta bar ni ba har yau, na dai koyi zama da ita. In Rakiya ta ga na yi kwana uku ba barci, sai ta ce, "Malam, ruwa na hawa," ni da kaina in tafi zauren Yaya in miƙa ƙafa. In Ƙafewa ce, uwarku ta fitar da ni ƙofar ɗaki ta tara mini ɓawon kuka in yi ta tufka igiya, ko ina so ko ba na so. Sau biyu na koma wa zaƙami, na biyun a shekarar da Yaya ya rasu, kuma duka biyun da bakina na faɗa aka mayar da ni turke. Sunan Ilu Zaƙami ya bi ni shekaru, mutanen Dungu da Dawce suka daɗe ba su kira mu aiki ba, mun ci tuwo ba miya a dalilin haka. Yaya Habu bai sake sauka rami ba, da ɗingishi ya shiga kabari. Shekara ashirin da biyu yana riƙe mini igiya. Ni kuwa tun ranar gawon nan ban sake riƙe wa ɗan'adam igiya ba, ko an roƙe ni, kuma wannan hukuncin ni na yanke wa kaina.

Yanzu ga dalilin da ya sa na tayar da maganar da kowa ya binne. Ina da ido, kuma na san wannan abu in na gan shi. Akwai ɗaya a cikinku da nake lura da shi tun bara, na ga lokacin da maganarsa ke gudu tana tuntuɓe, na ga lokacin da ya yi wata guda bai fito dandali ba aka ce zazzaɓi ne. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ba aljani ba ne, ɗana, kuma ba abin da ke kan juji ko cikin batta da zai ɗauke maka shi. Ku kuma sauran, in kun dubi idon ɗan'uwanku kun ga abin da ba ku gane ba, kada ku yi masa irin kunyar da Yaya Habu ya yi mini.

Ƙwaryar Baba na nan rataye a ɗakina, ta sha ɗinki har sau uku. Ƙofata ba ta da ƙyaure. Igiya kam na daina riƙewa, amma har yanzu ina iya shan rabi in miƙa maka rabi.